Teburin Tsakar Falo: Wanda Ya Tsufa da Wanda Aka Tsufar

Duk wanda yake yawan shiga falukan manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, daga Nassarawa ta Kano zuwa Malali ta Kaduna har Gwarimpa ta Abuja, ya san teburin nan. Yana zaune a tsakiyar kafet, ƙafafunsa a lanƙwashe, gefensa cike da furanni masu ruwan zinariya, samansa yana ɗaukar ido kamar dutsen mabul. A shekarar farko baƙo yakan yaba. A damina ta biyu ƙafar da ruwan goge-goge ke taɓawa ta fara kumbura. Kafin hunturu na uku ruwan zinariyar ya soma ɓarewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana: roba ce ta zubi, an manna ta a kan allon dusar katako. Daga nan sai a kira dillaliya ta yi masa wulaƙantaccen farashi, a ƙara kuɗi a sayo ƙaninsa.

A yawancin irin waɗannan gidaje, ko a gidan iyayen da mai gidan ya tashi, akwai wani teburin. Yana sito, ko a ɗakin mai gadi, an ɗora masa buhun abincin kaji ko tsohon janareta. Na katakon maɗaci ne ko loko, kafinta ya haɗa shi tun kafin yaƙin basasa, ya sha ƙaura daga gari zuwa gari a bayan akori-kura, kuma har yau idan an zauna a kansa ba ya ko motsi. Wannan shi ne wanda aka ƙi. Mutanen da suka yi digiri, suke tantance kwangila da rahoton asibiti da shari'ar miliyoyi, su ne suke kallon kitse ga rogo a kan abin da ya fi komai zama a idonsu kullum, suna kuma biyan kuɗin wannan kuskure sau uku ko huɗu a rayuwar aure ɗaya.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce mai mutunci ba ya sa kayan kwance a falonsa. Hujjar ba ta tsayuwa ko a bakin ƙofar gidan. Motar da ke fake a harabar 'yar Kwatano ce, wani Bature ya yi shekara takwas yana tuƙa ta, mai gidan kuwa yana alfahari da ita, yana cewa ƙarfen da ya fi na yanzu. Ya gane wannan gaskiya a kan mota, wadda kowace tafiya take cinye ta. Ya kasa gane ta a kan tebur, wanda ba shi da inji, ba shi da taya, wanda idan an yi shi da kyau shekaru ba sa rage masa komai sai ƙara masa launi.

Yana da kyau a san da me aka yi sabon teburin. Allon da kafintoci ke kira MDF ba itace ba ne da aka yanka aka fere. Zaren katako ne da aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka danne da zafi har ya zama allo, kuma a shekarun 1960 aka fara yin sa don kasuwa a Amurka. Yana da amfaninsa: shafaffe ne, ba ya karkacewa, yana karɓar fenti, ya dace da ƙofar kabad da ba ta ɗaukar nauyi. Amma yana shan ruwa ta gefe kamar burodi, idan ya kumbura ba ya komawa, ƙusar da ta taɓa fita daga jikinsa ba ta sake kamawa. Teburin tsakar falo kuwa shi ne ake zubar wa shayi, ake ja, ake ɗagawa, yaro ya hau. Akwai kuma batun gam ɗin. Mafi arahar irinsa yana fitar da sinadarin fomaldihaid a hankali, zafi da laima suna ƙara yawan fitarsa, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan sinadari a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Tebur guda ba zai kwantar da kowa ba. Sai dai ƙasashen da ke ƙera allon sun kafa wa kansu iyakar abin da zai fitar, mai saye a nan kuwa ba ya ko tambayar wane aji aka kawo masa.

Shi kansa salon da ake kira na sarauta aro ne a kan aro. Asalinsa kayan fadar Faransa ne na zamanin Sarki Luwi na 15, a ƙarni na 18. Masassaƙan birnin Dumyaɗ na Masar suka kwaikwaya, suka ƙara masa ƙyalli, har aka yi wa salon laƙabin ba'a da «Luwi Faruk», da sunan sarkin Masar da aka hamɓarar a 1952. Masana'antun Inegol a Turkiyya da na Foshan a kudancin Sin suka ɗauka daga nan, inji ya maye gurbin hannu, roba ta maye gurbin sassaƙa. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki da allunan dusar katako cikin jerin kaya 41 da ya hana wa canjin gwamnati, bai janye ba sai a Oktoban 2023, amma kwantenoni ba su fasa zuwa ba, farashi ne kawai ya hau. Abin da ake biya da dala mai tsada, ke nan, hoton wani hoto ne na teburin da ya tsufa a wata ƙasa. Mai saye yana son kamannin tsufa, yana ƙyamar tsufan kansa.

Sai dai wanda ya yarda da wannan magana ya nufi kasuwar tsofaffin kaya bai tsira ba tukuna, domin ita ma kasuwar tana da nata maƙaryatan, kuma sun fi na shagon sabbin kaya iya baki.

Turawa sun raba tsohon kaya gida biyu. Akwai wanda ya cika shekara 100, shi ne kayan tarihi na ainihi. Wannan ma'auni ne na kwastan, Amurka ta kafa shi a dokarta a 1966, kafin nan dokar 1930 ta tsayar da iyakar a kan abin da aka yi kafin 1830. Akwai kuma wanda ya wuce shekara 20 bai kai 100 ba, wanda za a iya kira ɗan dauri. Bambancin yana da muhimmanci a nan fiye da ko'ina, saboda gajeren tebur mai faɗi da ake ajiyewa a gaban doguwar kujera yaro ne a tarihin kayan ɗaki. Teburin shan gahawa da E. W. Godwin ya zana a Ingila a 1868 tsayinsa ya kusa santimita 70, wato a gefen kujera ake ajiye shi, ba a miƙe ƙafa a kai. Gajeren da aka sani yau bai yaɗu ba sai a shekarun 1920 da 1930, lokacin da kujeru suka yi ƙasa, zaman falo ya saki jiki. Saboda haka duk dillalin da ya nuna gajeren tebur ya ce na Turawan ƙarni na 18 ne, ɗayan biyu ya faru: ko dai dogon tebur ne aka datse wa ƙafafu, ko kuwa bara aka yi shi. Na farkon yana iya zama abin amfani mai kyau, amma darajarsa ta tarihi ta tafi tare da guntayen ƙafafun, kuma bai kamata a biya kuɗinta ba.

Zamanin teburin tsakar falo na gaskiya shi ne daga 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1970. A cikinsa Isamu Noguchi, masassaƙi Ba'amurke ɗan asalin Japan, ya ɗora gilashi mai kauri a kan itace biyu masu lanƙwasa da suka sarƙe da juna, kamfanin Herman Miller ya fitar da shi a 1947, ya daina a 1973, ya dawo da shi a 1984. A cikinsa masu zanen Denmak irin su Hans Wegner da Finn Juhl suka sa duniya son katakon tik mai siririyar ƙafa, kamfanonin garin High Wycombe na Ingila, Ercol da G Plan, suka cika gidajen ma'aikatan Birtaniya da kaya marasa ado masu ƙarko. Sunayen nan suna da daraja, kuma saboda darajar tasu ake buga jabunsu da yawa. Teburin Noguchi, alal misali, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, har wanda bai taɓa jin sunan ba ya sha ganin kamarsa a otal.

A nan wani sabon girman kai yake neman maye gurbin tsohon. Wasu da suka yi karatu a waje, suka ƙoshi da ruwan zinariya, sun koma yin odar teburin Denmak na 1960 daga masu gwanjo na Turai, suna ganin sun waye. Ba su yi shawara da hunturu ba. A Kano laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu da Fabrairu, ta haura 70 a watan Agusta. Katako abu ne mai numfashi, yana shan laima ya buɗe, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Da yawa daga teburan Turai na wancan zamani saman nasu siririn ɓawon tik ne da aka manna a kan wani allo, an yi su don gidan da yanayinsa ba ya tsalle irin wannan. Shekara biyu a Sakkwato ko Damagaram suna iya ɗaga ɓawon, su buɗe mahaɗa. Ana iya riƙe irin wannan tebur, amma sai da kulawar da mai gida mai yara biyar da baƙi kullum ba shi da lokacinta.

Wanda ya riga ya ci jarrabawar hunturu yana nan kusa, kuma shi ne mafi araha. Kurmin kudancin Nijeriya ya daɗe yana ciyar da masana'antun kayan ɗaki na Turai. Katakon da duniya ke kira sapele sunan garin Sapele ya ɗauka, inda kamfanin African Timber and Plywood, reshen UAC, ya kafa babbar masana'antarsa. Daga irin wannan katako, loko da maɗacin kurmi da danginsu, ma'aikatar ayyuka ta PWD da kafintocin da ta horar suka yi ta ƙera kujeru da tebura na gidajen gwamnati a unguwannin GRA, da na jami'o'i da asibitoci da hukumar jirgin ƙasa. Kaya ne marasa fankama, masu kaurin ƙafa, sau da yawa da lambar ma'aikata a ƙarƙashi. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, da yawa daga wannan kaya suka watse zuwa hannun dillalai da 'yan gwanjo. Teburin da ya yi hunturu sittin a Zariya bai tsage ba ya gama duk motsin da zai yi. Babu takardar garanti daga Istanbul da ta kai wannan shaida.

Yadda ake gane shi kuwa ba sirri ba ne, aiki ne na minti goma, kuma yana farawa da abin da mai saye mai babbar riga yake jin nauyin yi: a kifa teburin a duba cikinsa. Sama fuska ce, ana yi mata kwalliya. Ƙarƙashi ba wanda ya damu da shi, don haka shi yake faɗin gaskiya. Katakon da ya shekara hamsin yana shan iska yakan yi duhu a hankali, duhun bai zama ɗaya ko'ina ba, inda wani katako ya rufe shi yakan fi haske. Idan ƙarƙashin ya yi launi ɗaya sumul, ko ana ganin sawun burushi, an shafa masa tsufa ne da rana tsaka. Hanci ma shaida ne: tsohon katako ƙamshin ƙura da rufaffen ɗaki yake yi, sabo kuwa warin fenti da gam ba ya ɓuya ko an turara shi.

Sai mahaɗa. Kafintan da ya san aikinsa yakan fafe rami a jikin ƙafa, ya fere harshe a bakin katakon gefe, ya cusa ɗaya cikin ɗaya, wani lokaci ya soke su da turken itace. Irin wannan haɗi ko ya saki ana iya buɗe shi a sake ɗaurewa, har sau nawa. Inda aka ga ƙusar bindiga, ko ƙarfen kwana da aka ɗaure da ƙusoshin murɗawa masu sheƙi, aikin sauri ne na kwanan nan, ko kuma gyara ne da ya kamata mai sayarwa ya ambata. Kan ƙusar murɗawa yana da nasa kalanda: mai tsaga ɗaya ita ce tsohuwa, mai alamar gicciye ba ta shigo ba sai a shekarun 1930, saboda haka ba ta da abin yi a jikin teburin da aka ce ya girmi Lugga. Zagayayyen tebur na katako zalla yana da wata shaidar da ba a iya ƙirƙira cikin sauƙi. Tun da katako a faɗi yake tsukewa, idan aka auna shi ta bin jijiyar itacen aka sake aunawa ta gicciye, tsoho yakan nuna ɗan bambanci. Wanda ya fito daidai cif ta kowace fuska ko dai sabo ne, ko ba katako zalla ba ne.

Mafi wayon jabu shi ne na lalacewa. A garin Jepara na tsibirin Jawa a Indonesiya, inda sassaƙa sana'ar gado ce, da wasu wurare a Indiya da Sin, ana ƙera kaya masu kamannin da, wasu a sayar da su da sunansu na gaskiya, wasu kuwa sai sun bi hannu biyu ko uku su zama «na gidan wani Bature». Ana dukan su da sarƙa, a huda su da siririn ƙarfe don kwaikwayon cin ƙwaro. Abin da mai jabu yake kasa kwaikwaya shi ne hankali. Lalacewar gaske tana inda hannu da ƙafa da tsintsiya suke kaiwa: bakin tebur, kusurwoyi, gindin ƙafafu. Tabon da ke wurin da ba abin da zai taɓa shi a shekara ɗari, an sa shi ne. Ramin ƙwaro na gaske yana karkacewa a ciki. Wanda allura ta shige shi a miƙe har ƙasa, ƙarfe ne ya yi shi.

Ramin gaske ma yana da tasa matsalar, kuma wannan ita ce illar tsohon kaya da ba a musu a kanta. Ƙwaron da ke cin katako yana iya kasancewa a ciki da rai, ya shigo gida ya bi sauran kaya. Gwajin mai sauƙi ne. A ajiye teburin a kan baƙar leda a wani ɗaki na mako biyu, a riƙa ɗan bubbuga shi. Idan gari mai laushi kamar fulawa ya zubo, akwai mai aiki a ciki, sai an yi magani kafin ya ga falo. Gara kuwa daga ƙasa take hawa, ta cinye ciki ta bar fata, don haka a danna gindin kowace ƙafa da makulli. Loko ya yi suna wajen jure mata, fararen katakai masu taushi kuwa abincinta ne. Akwai haɗari biyu kuma da gidan da ke da masu rarrafe bai kamata ya raina ba. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ke lahanta ƙwaƙwalwar yaro. Amurka ba ta hana ta a fentin gida da na kayan ɗaki ba sai 1978, ƙasashe da yawa sun makara fiye da haka, don haka teburin da fentinsa ke ɓarewa a bar shi, ko a cire fentin nesa da gida. Tsohon gilashi kuma sau da yawa ba gasasshe ba ne, idan ya fashe dogayen wuƙaƙe yake zama. Canza shi da gasasshe ba ya rage wa teburin komai.

Babban maƙiyin tsohon tebur, duk da haka, ba ƙwaro ba ne. Mai shi ne, ranar da ya ce a kai wa kafinta ya «sabunta» shi. Kafinta zai sa injin gurza ya cinye fatar da shekaru suka gina, ya toshe jijiyar itacen, ya fesa masa ruwan sheƙi mai kauri har ya koma kamar an tsoma shi a roba, a dawo da shi yana kama da na shago, wato an kashe kuɗi an mayar da shi abin da aka gudu. Abin da yawancinsu suke bukata kaɗan ne: tsumma mai ɗan danshi, sabulu mara ƙarfi, a bari ya bushe, a shafa kakin zuma a murza. Zoben da kofin shayi ya bari a 1974 ba aibi ba ne da za a biya a cire.

Game da girma, ƙa'idar masu tsara ɗaki a taƙaice take: tsayi daidai da mazaunin kujera ko ƙasa kaɗan, wato santimita 40 zuwa 45; tsawo kamar kashi biyu cikin uku na doguwar kujera; tazara tsakaninsu wajen santimita 45 don gwiwa ta wuce. Amma an rubuta ƙa'idar ne don ɗakin da ba a zama a ƙasa. Falon Bahaushe yana canza aiki sau da yawa a yini. Ana shimfiɗa ledar abinci, ana tayar da salla idan baƙi sun yi yawa, ranar suna ko gaisuwa mata suna cika kafet har bakin ƙofa. Teburin da sai ƙarti huɗu sun ɗaga shi, irin mai saman dutse da ake yayi, ya mallake tsakar ɗakin ya kori masu gidan zuwa gefe. Tambayar da ta fi awo muhimmanci ita ce ko mutum biyu, ko ma yarinya ɗaya, za su iya matsar da shi ba tare da kiran mai gadi ba. Siraran teburan shekarun 1960 sun yi fice a nan, haka ma jerin nan na uku da ƙanana ke shigewa ƙarƙashin babba.

Kuma akwai wanda ya fi su duka dacewa, wanda aka manta da shi don ba daga jirgi ya sauko ba. Maƙeran tagulla na Bida sun daɗe suna buga manyan farantai masu zane, ana ɗora su a kan ƙafafun katako masu naɗewa, irin tsarin da aka sani a Maroko da Masar. A ɗauke farantin da kayan shayin a kai, a naɗe ƙafafun a jingine a bango, ɗaki ya koma fili cikin daƙiƙa goma. Gara ba ta cin tagulla, hunturu ba ya tsaga ta. Tsohon faranti ana gane shi da nauyi, da sawun guduma a bayansa, da zanen da ba ya maimaita kansa daidai kamar na inji. A Kasuwar Kurmi da wajen masu sayar wa baƙi kayan tsaraba ana samun tsoho da sabo a haɗe, kuma sabon ma, idan na hannu ne, ba abin kunya ba ne matuƙar an sayar da shi da sunan sabo.

Akwai iyakar da son tsohon kaya bai kamata ya tsallake ba. A shagunan ƙawa na Turai da Amurka an daɗe ana ɗora gilashi a kan sassaƙaƙƙiyar ƙofar Nufawa ko ta Dogon, ko gadon Senufo, a kira shi teburin gahawa, kuma yayin ya fara dawowa gida ta hotunan intanet. Kowace irin wannan ƙofa, idan ta gaske ce, daga jikin wani gini aka ɓalle ta. Dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta taƙaita cinikinsa ga wakilan da aka amince da su, ta hana fitar da shi sai da izini. Wanda ya sayi ƙofar zauren wani don ya ɗora mata kofi ya ba ɓarawo na gaba dalilin ɓalle wata. Masassaƙan Nufe suna nan da ransu, suna fere kujeru masu ƙafafu da yawa daga gungume ɗaya. Mai so ya ba su aiki.

Masu cewa to a yi sabo da katako mai kyau, a huta da duk wannan bincike, suna da rabin gaskiya, kuma kafintocin gida sun fi kwantena cancantar kuɗin. Sauran rabin yana daji. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira koso, a Taraba kuma ake ce mata madrid, ita ce itacen da kasuwar kayan ɗakin alfarma ta Sin ta yi wa wawaso a shekarun 2010. A 2016 yarjejeniyar CITES ta sa ta a jerin itatuwan da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton gungume sama da miliyan 1.4 daga Nijeriya da aka tsare a tashoshin Sin, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya gaba ɗaya. Itace ce da makiyaya ke sassabe ganyenta su ciyar da dabbobi da rani, kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa yanka. Katakon da ake samu a kasuwa yau galibi ɗanye ne, daga ƙananan bishiyoyi, kafinta ba ya iya jiran ya bushe saboda mai aiki yana waya. Allo mai faɗin kamu uku daga bishiya ɗaya, busasshe tun zamanin Sardauna, ba a sayar da irinsa a 'yan katako ko nawa za a biya. Yana jikin teburin da ke ɗakin mai gadi.

Saura magana mafi wuya, wadda ba ta katako ba ce. Kayan falo a ƙasar Hausa yawanci ba mai gida ke zaɓar su ba, iyayen amarya ne, kuma suna saye ne da ido a kan ranar jere, ranar da dangin miji za su shigo su ƙirga. Uwar da ta kai 'yarta da tsohon tebur ta san gorin da zai biyo baya, ba kuwa za a ce mata ta yi gwajin ra'ayi da mutuncin 'yarta ba. Amma gorin yana da ƙarfi ne don masu ilimi da hali sun yarda da shi. Su ne ake kwaikwaya. Ƙaramin ma'aikaci yana cin bashin saitin da zai ruɓe kafin ya gama biya saboda haka ya gani a falon darakta. Idan likita ko alƙaliya ta ajiye teburin mahaifinta a tsakar falo, ta faɗi shekararsa da bakinta ba tare da neman afuwa ba, ba mai cewa talauci ne ya sa ta.

Dama ta fi zuwa ne a ranar rabon gado. Ana yi wa gida da gona da mota kuɗi da natsuwa, ana kiran masana, kayan ɗaki kuwa a tara su a tsakar gida a kira dillali ya yi musu kuɗi a dunƙule, domin ba magajin da yake son a ce ya ɗauki tarkace a rabonsa. Dillalin ya san abin da yake kallo. Zai kifa teburin, ya danna ƙafafun da makullinsa, ya ce ai wannan sai dai itacen wuta, sa'an nan ya ɗora shi a kan kaya da kansa, ya sa tsumma a tsakaninsa da igiya.